Neman shawara: ragowar gasasshen haƙarƙarin saniya, me zan girka da shi?

Maman 'Yan Biyu, Houston: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Shekaranjiya maigida ya gayyato abokan aikinsa cin abincin dare, ya sayo haƙarƙarin saniya a shagon halal, irin wanda ake gasawa dunƙule guda a oben, wanda a nan Amurka suke kira prime rib. Mai ƙashi huɗu ne. Baƙi sun ci sun yaba, amma fiye da rabi ya yi saura, ga ƙasusuwan, ga kitse da romon da suka tsiyaye a tire. Yadda suke so aka gasa shi, bayansa ya gasu, cikinsa ja. Yarana sun ƙi ko taɓawa, wai jini ne. Na ɗumama kaɗan a maikurowef, sai ya yi tauri ya bushe. Nama ne mai tsada, ba na son ya lalace a hannuna. Me zan yi da shi wanda yara za su ci? Kuma kwana nawa zai iya yi a firij?

Anti Nas, Maryland: Wa alaikumus salam. Bari in fara da maganar firij, don ita ce ta gaggawa. Ƙa'idar Ma'aikatar Noma ta Amurka ita ce dafaffen nama ya shiga firij cikin awa 2 da saukewa, kuma kada ya wuce kwana 3 zuwa 4 a ciki. Tunda shekaranjiya kika gasa, yau da gobe ne naki. Abin da kika san ba za ku cinye ba, ki kai firiza yau ɗin nan, kada ki jira sai ya fara canja ƙamshi. In za a ɗumama, ana so zafin cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, wato 165 a ma'aunin Faranhait, irin wanda ke jikin oben ɗinku.

Jan ruwan nan kuma ba jini ba ne. Jini yana fita wajen yanka. Wannan ruwan tsoka ne haɗe da wani sinadari mai suna mayogulobin, wanda yake riƙe iskar oksijin a cikin tsokar. Shi ya sa naman sa ya fi na kaza ja, kuma da zarar ya ji zafi sosai sai ya koma ruwan ƙasa. Ki yi wa yaran bayani a hankali, amma kada ki tilasta musu. Mu kanmu ba mu taso da cin nama ja ba.

Uwargida daga Kano: 'Yata, ni ƙasusuwan nan nake hange. Ƙashin da ya sha gashi ya fi ɗanye ba da romo mai ƙamshi, nesa ba kusa ba. Ki zuba su a tukunya da albasa, citta, kanumfari, masoro, kimba da attaruhu, ki rage wuta ki bar su awa biyu ko uku har naman da ke maƙale ya saki da kansa. Farfesu ke nan. In kuma kina samun kabewa a can, ki yi miyar taushe da romon, ki sa daddawa da gyaɗa. Ga tuwon shinkafa, wa zai tuna da wani ja?

Amarya, Zariya: Anti ki yi dambun nama mana, ya daɗe yara suna ci.

Uwargida daga Kano: A'a amarya, dambu tsoka zalla yake so, irin ta cinya. Haƙarƙari kitse ne ratsi-ratsi a cikinsa, in ta daka shi zai cakuɗe ya ƙi wargajewa, kuma maiƙon zai sa ya yi saurin canja ɗanɗano. Ban da haka asara ce, naman da taushinsa aka saya a soye shi har ya bushe.

Maman Yara, Landan: Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma a nan maganar take. Naman nan ya riga ya dahu. Duk abin da za ki girka, ki gama girkinki tsaf, sannan shi ya shigo a ƙarshe. Ƙashi da gefen da ke da jijiya su ne masu son doguwar wuta, tsokar tsakiya ba ta so. Abin da maikurowef ya yi miki shi ne ya matse tsokar da zafi mai yawa lokaci guda, ruwan ya fice.

Ki yanka shi da sanyinsa, yana fitowa daga firij, lokacin ne wuƙa take ba da yanka siriri. Ki gitta wa zaren naman, kada ki bi tsawonsa. Siririn yanka in ya shiga romo mai tafasa, minti ɗaya ko biyu ya ishe shi ya yi zafi har ciki, jan ya tafi, taushin bai tafi ba. Kin ga kin cika sharaɗin Anti Nas ba tare da kin kashe naman ba. Haka 'yan Biyetnam suke yi a miyar taliyarsu, suna shimfiɗa siririn naman sa a kwano su kwara masa romo mai zafi.

In kin yi dafa-duka ko taliya, sai kin kusa saukewa ki zuba yankakken naman a sama, ki rufe, tururi ya ƙarasa aikin. Ina kuma soya albasa da tattasai su yi laushi, in jefa naman in juya sau biyu, in cusa a burodi, a riƙa tsomawa a romon tire ana ci. Su Amurkawa suna da irin wannan, daga Los Angeles ya fito, don haka maigida ba zai ga baƙon abu ba.

Kitsen tire kuma kada ya tafi bola. Ki sa tiren a firij, kitsen zai daskare a sama fari, romon ya kwanta a ƙasa, ki kwashe kowanne daban. Turawan Ingila da wannan kitsen suke gasa dankalin ranar Lahadi. Cokali ɗaya a kasko ki soya ƙwai ko dankalin Turawa ki ji.

Maman Yara, Maraɗi: Don yara dai, babu kamar yajin ƙuli. Ki yanka falle-falle, ki shafa ɗan man gyaɗa, ki barbaɗe da yaji, kasko ya yi zafi sosai tukuna. Kowane gefe ɗan lokaci kaɗan, da ya canja launi ki kwashe. Kada ki cika kaskon, in ya cika ruwa zai fito ya koma dahuwa. Ki yanka albasa, tumatir da kabeji a gefe, ki ce musu tsire ne.

Maman 'Yan Biyu, Houston: Allah ya saka muku da alheri, wallahi hankalina ya kwanta. Ƙasusuwan suna kan wuta yanzu, da dare zan yi wa yara na yajin ƙuli. Tambaya ɗaya ta rage: wanda zan kai firiza, in yanka shi ne ko in bar shi dunƙule?

Maman Yara, Landan: Ki raba shi gunduwa-gunduwa, kowace daidai girki ɗaya, amma kada ki yi masa siririn yanka yanzu, sanyin firiza yana busar da shi. Ki naɗe kowace da leda ki matse iskar ta fita, ki rubuta kwanan wata a jiki. Romon ki daskarar da shi daban a ƙananan robobi. Ki yi ƙoƙari ku cinye cikin wata 2 zuwa 3, kafin ɗanɗanon ya fara ja baya. Ranar da za ki yi amfani da shi, ki sauko da shi firij tun dare ya saki a can, ba a kan teburin kicin ba, kuma ki yanka tun yana da ɗan sauran ƙanƙara, ya fi yankuwa.