Yaya ake lissafa man janareta da itacen girki a ƙididdigar makamashin Najeriya?

Mai tambaya:
Jama'a, Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 cewa za ta kai matakin daidaita hayaƙin kabon a 2060, wato hayaƙin da take fitarwa ya yi daidai da wanda ake janyewa daga iska. To da wane ma'auni? Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki tana da alƙaluman wutar babban layi, amma janaretocin gidaje da masana'antu fa?

Injiniya:
Ba a ƙirga janareta ɗaya-ɗaya, man ake bi. Litar dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kusan 2.3. Matsalar ita ce NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan rarraba man fetur, tana rubuta abin da tankoki suka ɗauka daga defo ne. Wanda ya shiga mota da wanda ya shiga janareta duk a haɗe suke, sai binciken gida-gida na NBS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, zai raba su. Ga kuma wanda ake tsallakawa da shi Nijar da Benin, yana kumbura lissafi.

Malama mai ƙididdiga:
Gaskiya ne, Injiniya, amma itace ya fi ba da wahala. Mai sayarwa ƙulli ya sani, ba kilo ba. Dole ma'aikaci ya je da sikeli ya auna, ya kuma duba danshi, domin ɗanyen itace ya fi busasshe nauyi amma zafinsa bai kai ba. Gawayi kuwa, a ramin gargajiya kilo ɗaya yakan ci kilo biyar ko fiye na itace. In aka rubuta gawayin kaɗai, itacen da ya ƙone a ramin ya ɓace daga lissafi.

Injiniya:
A kuma kiyaye ƙa'idar 2006 ta IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya: kabon na itace ba a tara shi a jimillar makamashi, ɓangaren dazuzzuka ake kai shi, don kada a ƙirga sau biyu.