Shafi ga kowace tambaya, ko shafuka kaɗan masu nauyi?

Barista: Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayinku a kan wata magana da ta tsaya mini a rai. Mun ɗauko wani mai tsara shafukan intanet domin ya gyara na ofishinmu, sai ya kawo shawarar a buɗe shafi dabam ga kowace jimla da mutane ke rubutawa a Google, sannan a maimaita kowanne da sunan kowane gari da ke kewaye da mu. Da muka lissafa, abin ya haura shafi 200, alhali mu lauyoyi huɗu ne. Hujjarsa ita ce yawan shafi shi ne yawan masu neman lauya. Ni kuwa ina ganin tunda fannoni biyar muke aiki a kansu, shafi biyar masu nauyi sun ishe mu.

Injiniya: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Mutumin nan yana da rabin gaskiya, kuma shafi biyar ba za su ishe ku ba. Google shafi-shafi yake jerawa a sakamakonsa. Idan kuka tara korar ma'aikaci da hana albashi da rauni a wurin aiki a shafi ɗaya mai suna "Dokar Ƙwadago", kowace matsala sakin layi ɗaya za ta samu, kuma ofishin da ya ware wa hana albashi shafi sukutum, da kanunsa da adireshinsa, shi zai riga ku fitowa a gaban wanda aka hana albashin.

Malama: Injiniya, ka kare sashen da ya fi sauƙin karewa ka bar mai haɗarin, wato maimaita shafi da sunayen garuruwa. Rubutu ɗaya da aka sauya wa sunan gari kawai shi ne abin da Google ke ɗauka a matsayin shafukan ƙofa, waɗanda ba su da wani aiki sai tura mutum wuri guda, kuma a Maris ɗin 2015 ya sanar da gyara na musamman domin rage tasirinsu. Kafin nan, a Fabrairun 2011, gyaran da aka sani da Panda ya durƙusar da shafukan da ba su da nama. A Agustan 2022 aka sake wani a kan rubutun da aka yi domin injin bincike maimakon mai karatu, sannan a Maris ɗin 2024 aka sanya tara shafuka barkatai domin hawa sama cikin laifuffukan da ake hukuntawa. Ko ba a hukunta ku ba, shafuka goma masu kama da juna kokawa suke yi a tsakaninsu a kan tambaya ɗaya, babu wanda ke tara ƙarfi.

Ƙaramin Lauya: Da izinin manya, ni abin da ya fi damuna shi ne sunayen da muke ba shafukan. Wanda mai gida ya ba shi kwana bakwai ya tashi ba zai rubuta sunan dokar haya ba, domin bai san ta ba. Zai rubuta cewa mai gida ya ce ya tashi, me zai yi. Mu kuwa mun saba tsara shafi yadda aka tsara mana darussa a makarantar lauyoyi. Tun da Google ya shigo da BERT, wata fasahar fahimtar harshe, a 2019 yake ƙara fahimtar jimla yadda mutum ke faɗarta, saboda haka ba a bukatar shafi dabam ga "an kore ni" da "an sallame ni". Matsala ɗaya ce, shafi ɗaya ne.

Barista: Ka yi magana, ƙanena. Amma akwai abin da ku masu fasaha ba ku cika lissafawa ba, shi ne duk kalmar da ke kan shafin ofishin lauya sunan lauya ne a kanta. Ko a Amurka, sai a 1977 Kotun Ƙoli ta buɗe wa lauyoyi ƙofar talla a shari'ar Bates da ƙungiyar lauyoyin Arizona, kuma har yau ƙa'ida ta 7.1 ta ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta hana bayani na ƙarya ko mai ɓatarwa game da aikin lauya. Wasu ƙasashen ma sun fi haka tsanani. Shafin da ke sa mutum ya zaci muna da ofis a garin da ko kujera ba mu da ita, ni ɓatarwa nake ganinsa. Sannan idan majalisa ta sauya wa'adin shigar da ƙara, wa zai bi shafi 200 ya gyara? Wanda ya dogara da tsohon wa'adi ya makara, ba mai tsara shafin zai zarga ba.

Malama: Nan ma ɗa'ar aiki da maslahar bincike sun haɗu. A jagorar da Google ke ba masu tantance ingancin sakamako, bayanin shari'a yana cikin batutuwan da ke shafar dukiyar mutum ko rayuwarsa, waɗanda ake auna su da mudu mafi tsanani: gwaninta, da matsayi, da aminci, sai kuma gogewa da aka ƙara a Disambar 2022. Masu tantancewar ba su ke ɗaga shafi ko sauke shi da hannunsu ba, amma jagorar tana nuna inda aka dosa. Don haka kowane shafi ya ɗauki sunan lauyan da ya rubuta shi, da ranar da aka duba shi na ƙarshe, da ƙasa ko jihar da dokar ta shafa. Lauyoyi huɗu ba za su iya yi wa shafi 200 haka da gaskiya ba.

Hajiya: Ni da ke zaune a teburin karɓar baƙi, bari in ɗan rage muku zafi. Mafi yawan masu kiranmu wani ne ya ba su sunan ofishin, suka rubuta shi a waya domin su tabbatar. Abin da suke buɗewa shi ne bayanin lauyan da lambar waya, kuma a namu shafin sai an sha wuya kafin a ga lambar. Ina tsoron kada ku ƙare ƙarfinku a kan dogayen bayanai, musamman yanzu da Google ke ɗora taƙaitacciyar amsa a sama kafin mutum ya taɓa komai.

Injiniya: Hajiya, maganar lambar waya na karɓa, a gyara ta yau. Maganar garuruwa ma na janye, domin fitowa a taswira tana rataye ne da bayanin ofis a Google Business Profile, wato inda ake shigar da suna da adireshin kasuwanci a Google, kuma Google da kansa ya ce dacewa da nisa da shahara yake dubawa, nisa kuwa ba a rage shi da rubutu. Amma ban janye a kan shafi biyar ba. Taƙaitacciyar amsa tana gamsar da mai son sani ne kawai, wanda takardar kotu ke hannunsa sai ya ci gaba da nema. A bar biyar ɗin su zama iyaye, kowanne ya haifi shafukan matsalolin da ke ƙarƙashinsa, a ɗaure su da mahaɗai sama da ƙasa. Zaɓen matsalolin kuma kada ya zama da ka. Ku duba Search Console, wato manhajar da Google ke nuna wa masu shafi yadda ake samunsu a bincike, ku ga jimlolin da suka riga suka kawo muku mutane.

Barista: To, shafukan garuruwa sun faɗi. Hajiya, don Allah ki riƙa rubuta tambayar farko da kowane mai kira ya yi, da kalmominsa, har wata guda, mu haɗa da abin da Injiniya ya ambata. Amma sharaɗina yana nan: ba za a buɗe shafi ba sai wani lauya a cikinmu ya amsa cewa shi zai riƙa duba shi. Na kuma fi son kora da hana albashi su zauna tare, tunda galibi tare suke zuwa mana.

Injiniya: A nan ne ba mu daidaita ba, ranka ya daɗe. Wanda aka hana albashi wata uku yana nan yana zuwa aiki, ba a kore shi ba, kuma ba zai taɓa shafin da kanunsa ke maganar kora ba. Mu jira littafin Hajiya ya raba mu.