Bawul ɗin amfilifayata yana ƙara duk da zoben silikon

Assalamu alaikum masu gyaran kayan sauti. Ina da tsohuwar amfilifaya mai bawul na gilashi, ƙananan 12AX7, manyan EL34. In na ɗan ƙwanƙwasa 12AX7 na farko da tsinken katako, sai lasifika ta amsa "ƙiiin", in kuma an ƙure sauti da kanta take yi. Na zura masa zoben silikon, wato zoben roba mai rage girgizar bawul, ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba. A ina ya kamata zoben ya zauna, sama ko tsakiyar gilashin? Ko bawul ɗin ne ya gaji, sai sabo? EL34 kuwa zafinsu ya yi yawa, ina tsoron zoben ya narke ya manne. Don Allah a taimaka.