Wai Turancin "ƙauye" yaranmu suke yi?

Malam Kabir: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wallahi raina a ɓace yake. Yau na duba rubutun yaran da nake yi wa lesin a Ƙofar Ƙaura, 'yan aji shida da za su zana WAEC bana. Yaro ya cika shafi guda babu aya, babu waƙafi, sunan Katsina ma da ƙaramin baƙi ya fara shi. Wata ta rubuta "she go to market yesterday", na ce ina "went"? Sai kallona take yi. Na ce su karanta "people", duk suka ce "fiful". Ga takarda ta uku ta jarrabawar Turanci da ake gwada furuci zalla, kuma babu kiredit a Turanci, babu jami'a. Garin da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, inda su Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu, yau Turancin ƙauye muke ji a cikinsa!

Nura Daura: Malam, kai babba ne, amma wane ne ɗan ƙauyen? Yaran Ƙofar Ƙaura ka duba, cikin birninku. Me ya kawo ƙauye?

Hajiya Binta: Gaskiya kalmar ta yi nauyi. Ni a Mani na yi firamare, kuma ba wanda ya taɓa gyara mini Turanci a ofis.

Malam Kabir: Hajiya, ba mutane nake nufi ba, salon maganar nake nufi.

Nura Daura: Salon su wa? Sardaunan da ka ambata a Rabah aka haife shi. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma sunan ƙauyensu yake amsawa. Su ma Turancin ƙauye suka yi?

Malama Zainab: Jama'a, "fiful" ba laifin birni ko ƙauye ba ne. Hausa ba ta bambanta p da f, kuma f ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, ta Turanci kuwa sai haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa. Ku sa yaro ya riƙe takarda gaban bakinsa: in ya ce "pan" daidai, takardar za ta yi tsalle. Haka nake yi wa ɗalibaina.

Abba Yaranci: Nura, kullum haka kuke. A ce Katsina, sai ku ji an taɓa ku.

Nura Daura: Ku da ke cewa "hwara" da "hwaɗa" ne za ku koya wa wani furuci? Daura ce uwar Hausa Bakwai. Ku zo ku ga Kusugu.

Abba Yaranci: Rijiya ce ke koyar da Turanci? Mu muna da Gobarau, cibiyar ilimi tun kafin zuwan Bature.

Sadiq: Ni dai talla nake gani. Malam, nawa ne kuɗin lesin a wata? Faɗi kawai.

Malam Kabir: Allah ya isa, Sadiq. Rabin yaran nan kyauta nake koya musu.

Hajiya Binta: Ban da Allah ya isa, Malam. Ɗan cikinka ne. Ka janye kalmar, shi ke nan.

Malama Zainab: To maganar aya da waƙafi fa?

Shugaban zaure (Alhaji Lawal): Na karanta duka. Abin da ya fito fili shi ne Malam Kabir ya kawo gyara da zuciya ɗaya, kuma mafi yawanmu mun yarda Turancin yara ya lalace. Wasu 'yan'uwa daga gabas ne suka karkatar da zancen saboda son gari. Birnin Dikko dai kowa ya san matsayinsa a ilimin Arewa. Sadiq ya ba Malam haƙuri. An rufe.

Nura Daura: Ranka ya daɗe, mafi yawan su wa? Ƙirga mana. Kuma har yanzu bai janye "ƙauye" ba.