Bakin tekun Legas da yara: mu tafi yanzu cikin zafin nan ko mu jira hutun Agusta?

Maman Biyu, Kubwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da zafi. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san Legas da kyau. Zafin Abuja na bana wallahi ya kai inda ya kai, jiya bayan azahar wayata digiri 39 ta nuna, ga nefa sai dai a hankali, 'yan biyuna duk ƙurajen zafi sun feso musu a wuya da baya, daren jiya a tsakar gida muka shimfiɗa tabarma ina musu fifita da murfin kwali har ƙarfe biyu kafin suka samu barci.

Toh ƙanwar maigidan tana aure a Agege ta daɗe tana cewa mu kawo mata yara, su kuma tunda suka ga teku a waya ba su da wata magana sai ita. Maigidan ya ce in zaɓa, ko wannan hutun na Afrilu ko dogon hutu na Agusta. Ni a raina gara mu tafi yanzu mu guje ma zafin nan tunda ai garin bakin ruwa ne ba zai rasa sanyi ba. Sannan babban ɗana shekararsa 14, ya iya ruwa sosai don a Jos ya koya wajen kakanninsa, ya dage shi sai ya shiga ya yi iyo. Yaya zafin can yake a wannan lokacin, kuma yaya tekun yake, ana barin yara su shiga? Ban taɓa ganin teku ido da ido ba shi ya sa nake tambaya.

Tsohon Ɗan Apapa, Nyanya

Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara tara na yi a Legas ina aikin lodi a Apapa kafin na dawo nan, bari in gaya miki abin da na sani.

Maganar gudun zafi ki cire ta a lissafi. Fabrairu, Maris har cikin Afrilu su ne lokacin da Legas ta fi zafi. In kin duba waya za ki ga 32 ko 33 ki ce ai da sauƙi a kan Abuja, amma iskar can jiƙe take da laimar teku, zufa ba ta bushewa, ka fito wanka kana goge jiki wata zufar na tsattsafowa, kuma dare ba ya hucewa sosai, ɗaki ya zama kamar an rufe tukunyar dambu. Namu na nan kafin ruwa ya sauka busasshe ne, in ka samu inuwa ka watsa ruwa za ka ɗan ji dama. Ƙurajen 'yan biyu a Agege sai dai su ƙaru, don Agege ma ba bakin teku ba ne, cikin gari ne sosai, iskar teku ba ta isa can yadda kike zato, kuma kafin ku kai bakin teku a Lekki da gosulo kun sha rana.

Agusta kuma akasin haka ne. Lokacin da mu nan muke tsakiyar marka, su a Legas ruwan sama yakan ɗan tsagaita daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta, gari ya yi lumshi, rana ba ta cizo, shi ne lokacin da ya fi sanyi a shekararsu. Amma fa a lokacin ne teku ya fi hauka. Dalili kuwa, watannin Yuni zuwa Satumba lokacin hunturu ne a can kudancin duniya, ana manyan guguwa a kudancin tekun Atlantika, raƙuman ruwan da suke tayarwa su yi tafiyar dubban kilomita babu tsibiri babu komai da zai tare su sai sun zo sun daki gaɓar Legas. Sai ki ga sama garau ba hadari ba iska amma ruwa na tasowa ya fi tsayin mutum. A watan Agusta na 2012 haka teku ya yi toroƙo da dare a gaɓar Kuramo da ke Legas ya kwashe mutane da rumfunansu, an yi asarar rayuka, ina Legas a lokacin.

Yanzu maganar yaronki, wannan ita ce ta sa na tsaya nake dogon rubutu. Dan Allah kada ki bari iya ruwansa ya ruɗe ku. Ruwan dam da na kududdufi a kwance yake, na teku yana da hannu. Gaɓar Legas gangare ce, taku uku huɗu ka faɗa zurfi, kuma in raƙumin ruwa ya daki gaɓa zai koma, wajen komawar nan za ka ji yashi yana zarewa daga ƙarƙashin ƙafarka kamar ana jan tabarma. Sannan akwai wasu wurare da ruwan da ya taru a gaɓa yake samun hanya ya koma ciki da gudu kamar kwata, kuma abin tsoron shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya, ba kumfa ba tashin ruwa, ya ɗan yi duhu ya kwanta lamo, baƙo na zuwa nan zai zaɓa.

Na gani da idona wata ranar Lahadi. Mu biyar muka je, da wani abokin aikinmu ɗan bakin kogi ne tun yana yaro yake tsallake ruwa, ya naɗe wando ya shiga iya cinya yana mana dariya wai mu matsorata. Kafin a ce kwabo ya yi nisan da muryarsa ba ta iso mu, muna ganin kansa yana ɓullowa yana nutsewa yana ta ƙoƙarin iyo ya dawo ta inda ya shiga ruwan na ƙara jansa. Allah Ya sa akwai masunta kusa suna gyaran koma, su suka tura kwalekwale suka ciro shi, ya yi aman ruwan gishiri ya fi a ƙirga, kwana biyu bai fita aiki ba. Su suka ce mana wanda ruwan nan ya ja kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta a bayansa ya saki jiki ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar ruwan sannan ya nufo tudu. Faɗa da baki da sauƙi, amma yaro ɗan 14 da ya firgita ba zai tuna ba.

Anti Nas, Unguwar Rogo

Maman Biyu sannu da fama. Ni ban san teku ba amma zafi da yara kam aikina ne. Ko kun tafi ko ba ku tafi ba ki dinga ba su ruwa akai-akai kar ki jira sai sun ce ƙishi, yaro in wasa ya yi daɗi mantawa yake. Ki lura da fitsarinsu, in ya yi ja ko ya ragu ruwan jiki ya yi ƙasa. In babu na leda na kemis ki haɗa ruwan gishiri da sukari da kanki, lita ɗaya na ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kaya na auduga marasa nauyi, ƙurajen kuma a bar su su sha iska, a rage shafa musu mai mai kauri. In kika ga yaro jiki ya yi zafi rau ya fara sambatu ko ya galabaita ba ya gane mutane, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki da ruwa ana fifita a nufi asibiti, ba a jira. Haka zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, lokacin sanƙarau ne yanzu, asibiti kai tsaye.

Kuma yaya, tunda kakanninsu na nan Jos me ya hana ku hauro? Mu muna sama da mita 1,200 daga saman teku, shi ya sa ko a Maris da rana ta yi zafi dare sai ya huce, asuba har mayafi nake ja. Keffi, Akwanga, ku hau Hawan Kibo kun iso, tun daga hawan za ki ji iska ta canza. Sai dai in kun zo shi babban a ja masa kunne kan kududdufan haƙar kuza, ruwan a kwance yake amma zurfi gare su ga laka a ƙasa, mu da ke asibiti mun san abin da suke yi wa yara lokacin zafi.

Ɗan Bautar Ƙasa, Lugbe

Baba na Nyanya gaskiya ka faɗa amma kar a tsorata Hajiya gaba ɗaya, ba duk bakin tekun ne haka ba. A Legas na yi bautar ƙasa, ku je Tarkwa Bay. Yana cikin lungu ne, katangar duwatsun da aka jera tun zamanin Turawa a mashigar jiragen ruwa tana karya ƙarfin ruwan kafin ya iso, har masu koyon wasan allo a kan ruwa can suke zuwa. Sai dai ba a zuwa da mota sai jirgin ruwa, kowa ya sa rigar ruwa mai hana nutsewa kafin a tashi, duk direban da ya ce babu ko ya cika jirgi maƙil ku sauka ku jira wani. Ku tafi da sassafe ruwa ya fi kwanciya, in rana ta take ƙasa ta ɗau zafi sai iska ta fara kaɗowa daga teku ruwa ya fara tsalle. Kuma a duba hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, kafin a fita, suna fitar da na kwana uku uku kuma suna gargaɗi in za a yi matsanancin zafi ko hadari mai iska.

Tsohon Ɗan Apapa, Nyanya

Haka ne ɗana, Tarkwa da dama-dama, amma a tsaya cikin lungun, in aka zagaya baya wajen hasumiyar fitilar jirage ruwan can buɗaɗɗen teku ne babu wasa. Abin da ya sa ban so Afrilu da jirgi ba, farkon damina ne, hadarin lokacin daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi kuma ba ya sallama, ka bar gida rana tarwai kafin ka juyo sama ta yi baƙi ƙirin, ƙaramin jirgi da yara a ciki ba daɗi. Sannan Hajiya ki dinga duba wata, ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a kwana, kuma cikarsa ta fi yawa a tsayuwar wata da daren sha huɗu, inda kuka shimfiɗa darduma da hantsi zuwa la'asar ruwa na iya cimma wurin. In da ni ne, hutun Disamba zan kai su. Iskar hunturu tana sauka har can, laima ta ragu, ruwan sama ya ɗauke, teku ya fi kwanciya a duk shekara, illa dai hazo da kan ɓata tashin jirgin sama da kuma tsadar mota ta ƙarshen shekara.

Maman Biyu, Kubwa

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri. Baba labarin abokin aikinku sai da jikina ya yi sanyi, na miƙa wa yaron wayar ya karanta da kansa ya yi shiru bai ce komai ba. Na nuna wa maigidan ya ce Jos ɗin za mu wannan hutun, Legas sai Disamba in Allah Ya kai mu. Anti Nas na haɗa ruwan yanzu suna sha. Tambaya ɗaya ta rage, rigar ruwan nan ana samun ta yara 'yan shekara 6 a wajen masu jirgin ko in nema tun daga nan?

Ɗan Bautar Ƙasa, Lugbe

Ki saya naki Hajiya, na wajensu yawanci na manya ne, in ta yi wa yaro yawa yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa. Da nauyin yaro ake zaɓa ba shekaru ba, ki auna su tukuna, ki nemi mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. In kin ɗaura masa ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama, in ta wuce kunnensa ta yi yawa a canza.