Kada mu kira shi sharifi: neman sunan Hausa ga "sheriff" na Amurka

Assalamu alaikum masu aikin fassara da masu rubuta labarai. Akwai kalmar da ke ba mu wahala duk lokacin da labarin tsaro ya fito daga Amurka, wato sheriff. Wasu suna rubuta "sharifi", wasu "shugaban 'yan sanda", wasu kuma su bar ta yadda take. Ina so mu tsayar da magana ɗaya a kanta.

"Sharifi" dai mu cire shi tun yanzu. A kunnen Bahaushe, sharifi jikan Manzon Allah ne, sallallahu alaihi wa sallam, kuma bai dace mai sauraro ya ji an ce "kotu ta kama sharifi da laifi" alhali ana maganar wani jami'i ne a Arizona ba. Kalmomin biyu ba su haɗa komai ba sai kamar sauti. Tamu daga Larabci take. Tasu kuwa daga tsohon Ingilishi, sunan jami'in da sarkin Ingila ke ɗorawa a kan yanki domin karɓar haraji da tsare doka. Turawan da suka ƙaura Amurka sun tafi da muƙamin, yana nan a Virginia tun wajen 1634.

Wani malamina ya ce a bar shi a "shugaban 'yan sandan gunduma", tunda kowa zai gane. Malam, Allah ya ƙara ilimi, a nan ne nake da ja. Idan aka ce shugaban 'yan sanda, mai karatu zai kawo kwamishina ko DPO a ransa, mutumin da aka naɗa, wanda Sufeto Janar zai iya yi wa canjin wurin aiki gobe da safe. Biranen Amurka ma suna da irin wannan shugaban, magajin gari ko majalisar birni ke naɗa shi, su ke kuma sauke shi. Sheriff ba haka yake ba. Takara yake tsayawa, ya manna fastoci, ya nemi kuɗin kamfe, jama'ar gunduma su zaɓe shi, galibi na shekara 4. Akwai irinsu sama da 3,000 a ƙasar. Majalisar gunduma tana riƙe da kasafin kuɗinsa, amma a yawancin jihohi ba ta da ikon korarsa. Ga kuma faɗin aikin: shi ke riƙe da gidan yarin gunduma, shi ke tsaron kotu, yaransa ke kai sammaci, su ke fitar da ɗan hayar da kotu ta ce ya tashi, su ke sintiri a ƙauyukan da ba su da 'yan sandan birni.

Wanda yake ganin wannan bambanci ƙarami ne ya dubi gundumar Maricopa a jihar Arizona, inda birnin Phoenix yake, mai mutane sama da miliyan 4. Joe Arpaio ya riƙe ofishin sheriff na gundumar daga 1993 zuwa ƙarshen 2016, shekara 24, ya ci zaɓe sau 6. Shekarar da ya hau ya kafa gidan yari na tantuna, ragowar tantunan soja na zamanin yaƙin Koriya, a garin da zafinsa kan haura digiri 45. A 2011 an auna cikin wasu tantunan, zafin ya kai kusan digiri 63. Ya dawo da ɗaure fursunoni da sarƙa a ƙafa a fita da su aiki a bainar jama'a, har da mata. Ya rage abinci zuwa sau biyu a rana. Bai ɓoye ko ɗaya ba, da su ma yake neman ƙuri'a, yana gayyatar 'yan jarida su ɗauka. A 2008 alƙalin tarayya ya yanke cewa halin da ake tsare waɗanda ke jiran shari'a a gidajen yarinsa ya saɓa wa tsarin mulki, mutanen da kotu ba ta ma same su da laifi ba tukuna.

A 2007 yaransa suka je cikin dare suka kama shugabannin jaridar Phoenix New Times biyu, wadda ta daɗe tana bankaɗo ayyukan ofishin. Daga baya gunduma ta biya su diyyar dala miliyan 3.75. Aka kuma gano ƙararraki sama da 400 na fyaɗe da lalata, da yawa na ƙananan yara, waɗanda ofishin bai bincika yadda ya kamata ba, a daidai lokacin da ma'aikata suka karkata ga farautar baƙin haure. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai.

Babbar shari'ar ita ce wadda aka shigar a 2007 kan tare masu mota 'yan asalin Latin Amurka saboda kamanninsu kawai. A Disambar 2011 Alƙali Murray Snow ya hana ofishin tsare mutum don ana zargin ba shi da takardun zama, amma aka ci gaba da yi sama da shekara guda. A 2013 ya yanke cewa ofishin yana nuna wariyar launin fata. A Yulin 2017 aka sami Arpaio da laifin raina kotu, a watan Agusta Shugaba Donald Trump ya yi masa afuwa kafin a yanke masa hukunci. Kuɗin da wannan shari'a da gyaran da kotu ta tilasta suka ci ya haura dala miliyan 200, daga aljihun masu biyan haraji. A tsawon shekarun nan babu wani na sama da shi da ya tuɓe shi. An gwada yi masa kiranye a 2013, sa hannun bai cika ba. Sai da masu zaɓe suka kayar da shi a Nuwamba 2016, Paul Penzone ya hau, ya rufe tantunan a 2017.

Mai karatun da aka ce wa "shugaban 'yan sanda" zai tambaya, ina shugabanninsa suke aka yi wannan duka? Kalmar ce ta ɓatar da shi. Dole sunan da za mu zaɓa ya nuna cewa ƙuri'a ce ta kawo mutumin.

An kawo "yari". Yana da kyau ta ɓangare guda, don yari shi ne mai riƙe da kurkuku a zamanin En'e, sai dai ya bar sintiri da aikin kotu a waje. "Sarkin dogarai" na fada ne, a bar shi a fada. Wata 'yar'uwa ta kawo "sarkin doka", a kan ƙirar sarkin kasuwa da sarkin pawa. Hajiya, yana da daɗin faɗa, amma ina jin tsoronsa. Akwai wasu masu wannan muƙami a Amurka da ke iƙirarin cewa a cikin gundumarsu ikonsu ya fi na gwamnatin tarayya, su ke zaɓen dokar da za su bi. Idan muka ce musu sarkin doka mun tabbatar musu da abin da kotuna ba su yarda da shi ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne "wakilin doka". Ba ƙirƙira ba ce, sunan shugaban 'yan doka ne a zamanin En'e, kafin a haɗe su da 'yan sandan Najeriya bayan juyin mulkin 1966. Runduna ce ta yanki, ba ta ƙasa ba, kuma dattawan da suka yi NEPU sun san abin da irin wannan runduna kan zama idan ta faɗa hannun siyasa. Na san sarki ke naɗa wakilin doka na da, shi ya sa a ambaton farko cikin labari za mu rubuta cikakke: "zaɓaɓɓen wakilin doka na gundumar Maricopa". Daga nan sai a riƙa cewa "wakilin doka" kawai. Idan mace ce, wakiliyar doka. Ma'aikatarsa, ofishin wakilin doka. Jami'an da ke ƙarƙashinsa, 'yan dokan gunduma, don a raba su da 'yan sandan birni, tunda sau da yawa labari ɗaya kan haɗa su biyun.

Saura farar hula da wakilin doka yake rantsarwa su taimaka masa, waɗanda suke kira posse, Arpaio ya tara su da yawa. Ni "'yan sa-kai na wakilin doka" nake rubutawa. Wanda ke da wadda ta fi ta gajarta ya kawo mu duba.