Filolin kwalliyar gado: ya kuke yi da su bayan 'yan jere sun tafi?

Amarya daga Kofar Kaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu kenan da tarewata. Ranar jere gwaggonnina sun ɗora mini filo tara a kan gado, har da mai siffar zuciya da dogo guda. Gadon ya yi kyau sosai, amma tun daren da na sauke su na kasa mayar da su yadda suke, kullum sai su zube. Kuma da dare ban san inda zan ajiye su ba. Ina son ɗakina ya zauna kamar ranar farko. Ya kuke yi?

Uwar gida, Kofar Marusa:
Wa alaikumus salam, Allah ya sa albarka ƙanwata. Ni shekara 11 ina wannan aikin kowace safiya. Manya biyu na kwanciya su za ki fara jinginawa a tsaye jikin allon gado, su ne ginshiƙi. Matsakaita biyu a gabansu, sai ƙarami ɗaya ko dogon a tsakiya. Biyar kenan, kuma sun ishi katifa shida-da-shida. Sauran huɗun ki kai falo. Zubewar da kike gani santsin yadi ne. Masu ƙyalli da siliki ba sa riƙe juna, ki sa mai kaushi a bayansu. In zanin gadonki mai fure ne, rigunan filo su zama launi ɗaya, kada ido ya rasa inda zai tsaya.

Maman tagwaye, Daura:
Yaya ta faɗi gaskiya. Ni hunturu ne ya koya mini. Ƙurar da ke shigowa Daura daga Disamba zuwa Fabrairu ba ta jin rufe taga. Masu karammiski da masu duwatsu suka yi fari fat, maigida ya dinga atishawa. Na kai wa tela ya yi musu riguna masu zif, duk Juma'a na cire na wanke. Cikin kuma na shanya a rana na bubbuge. Masu duwatsun sai da Sallah ko ranar suna nake fito da su.

Hajiya, Kofar Soro:
'Ya'yana, a zamaninmu gadon ƙarfe ne mai rumfa, matasan kai kuma audugar rimi ake cusa musu. Har yau ita na fi so, ba ta da zafi a bazara kamar soso. Amma a tsince 'ya'yan tas kafin a ɗinke, in ba haka ba ɓera zai huda miki. Tumtum ɗina na fata guda biyu suna nan gefen gado, a kansu nake tara filolin da dare.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina:
Amarya, in Allah ya kawo rabo, ki kwashe su duka daga inda jariri zai kwanta. Filo mai laushi yana iya toshe masa numfashi yana barci. Nawa sun koma cikin durowa tun da na haihu, ga gidan sauro ma ba ya soƙuwa da kyau in gado ya cika.

Amarya daga Kofar Kaura:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yau na gwada biyar ɗin, sun tsaya har la'asar. Hajiya, a ina zan samu audugar rimi mai tsabta, babbar kasuwa ko sai an aika ƙauye?